Gidan tarihin yaƙi na Ostiraliya a cikin waya: abin da na samu kan Kyaftin Reg Saunders

Malaman tarihi 'yan'uwana da ke koyarwa a ƙauyukan da babu ɗakin karatu, akwai wani shafin intanet da nake so ku leƙa. Na gidan tarihin yaƙi ne na ƙasar Ostiraliya, Australian War Memorial, wanda aka buɗe a birnin Kanbera a 1941. Kyauta ne, ba a neman katin banki, kuɗin data kawai za ka kashe. Ni a wata ƙaramar sakandare nake koyarwa a yankin Ringim, kuma da wayata kaɗai na yi aiki da shi a zangon da ya wuce, da muka zo kan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila.

Abin da ya fi burge ni shi ne da sunan mutum ake shiga. Ka rubuta sunan soja, sai ya fito maka da lambarsa, bataliyarsa, hotunansa in akwai su, da inda ya faɗi in bai dawo ba. Sunayen mamatansu sama da 100,000 suna nan a jere.

Na zaɓi in bi sawun mutum ɗaya, Reg Saunders, domin shi baƙar fata ne daga 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar. An haife shi a 1920 a jihar Biktoriya, ya shiga soja a Afrilun 1940, aka sa shi a bataliyar sojan ƙasa ta 2/7. Daga Arewacin Afirka aka wuce da su Girka, daga nan tsibirin Kirit, inda Jamusawa suka sauko da laima a Mayun 1941. Ranar 27 ga watan, bataliyarsa da sojojin Mawori, 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, suka yi wa Jamusawa kukan kura da banati a kan bindiga, suka kora su. Amma da aka zo kwashe sojoji a jiragen ruwa, su da suka tsaya tare baya sai aka bar su a gaɓa. Yawancinsu aka kama su. Shi ya ƙi miƙa wuya, ya shige duwatsu. Wata 11 ya yi manoman tsibirin suna ɓoye shi, suna ci da shi, yana sa tufafinsu, har ya iya yarensu, alhali sun san Jamusawa na kashe duk wanda aka kama da wannan laifi. A nan ɗalibaina suka yi tsit, domin 'ya'yan manoma ne, sun san nauyin ciyar da baƙo a shekarar da rumbu bai cika ba.

A Mayun 1942 ya tsira ta ruwa. A ƙarshen shekarar aka kashe ƙanensa Harry a Gona, can Niyu Gini, kuma shi ma can aka tura shi yaƙar Japanawa a daji. A Nuwamban 1944 ya zama laftanar, wanda aka fi sani a matsayin ɗan asalin ƙasa na farko da ya zama hafsa a sojan Ostiraliya. Akwai hoton ranar a shafin: yana musafaha da Tom Derrick, Baturen da ya ci lambar jarumta mafi girma, Victoria Cross, dukansu suna murmushi. Wayar ta zaga aji hannu zuwa hannu. Wata yarinya ta ƙura mata ido ta ce, "Malam, to da ya koma gida sarauta suka ba shi?" Na ce mata a'a. Kwandastan jirgin ƙasa na cikin gari ya yi, ya yi aiki a masana'antar narka ƙarfe, sannan ya koma soja aka tafi da shi Koriya, inda ya jagoranci kamfanin soja yana kyaftin a gumurzun Kapyong a Afrilun 1951. Sai a 1967 ƙasar ta yi ƙuri'ar raba gardama ta yarda a riƙa haɗa mutanensa a ƙidayar jama'ar ƙasa. Ya rasu a 1990.

Sashen da ya fi tsada a wurina shi ne kundin yau da kullum na bataliyoyi. Takardun asali ne aka ɗauki hotonsu, wasu da tafireta, wasu da rubutun hannu, tawada ta koɗe, ga kwanan wata da sa'a da wurin da aka kwana a gefe. Karanta su na buƙatar haƙuri, don cike suke da gajerce-gajercen kalmomin soja, kuma komai da Turanci yake. Suna da nauyi ƙwarai. A garinmu sabis ba ya kama su da rana, sai bayan sallar isha nake zama a gindin darbejiyar bayan makaranta in sauke, washegari in kai shagon kwamfuta a buga mini shafukan da nake so. Wanda ke neman fayil ɗin soja na kansa kuwa, sai ya tafi shafin rumbun adana takardu na ƙasar, National Archives of Australia, can ake ajiye su.

Ba zan ɓoye ba, raina ya sosu. Kakana na cikin waɗanda aka ɗiba zuwa ƙasar Bama (Myanmar a yau), inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a Arakan, da Japanawan nan dai da Saunders ya fuskanta. Abin da ya rage mana nasa lambobi ne a cikin gwangwani da labaran da kakata ta riƙe. Ina son in buga sunansa a wani wuri in ga ranar da ya hau jirgi. Saboda haka na ba ɗalibai aiki kowa ya je gida ya tambayo wa ya je Bama a danginsu, ya rubuto sunansa da na garinsu da duk abin da aka tuna.

Shafin ya dace da malami da ɗalibin jami'a da ke jin Turanci sosai. Mai ƙaramar data ya fara da hotuna da taƙaitattun tarihin mutane, su ba su da nauyi. Kowace rana kuma suna yin taron tunawa da soja ɗaya, a karanta tarihinsa a busa begila, ana nunawa kai tsaye. A agogonmu da sassafe yake faɗowa, kafin a shiga aji.