330i biyu: sabuwa mai turbo da tsohuwar da na yi wa gyare-gyare

Suna ɗaya ne a bayan motocin biyu, BMW 330i, amma in ka cire sunan da kuma cewa dukkansu tayoyin baya ne ke tura su, abin da ya haɗa su kaɗan ne. Tsohuwar ƙirar E46 ce ta 2004, injinta silinda shida a jere, lita 3, babu turbo, da giyar hannu mai hawa shida. Ta daɗe a hannuna kuma na canza mata abubuwa da dama. Sabuwar ƙirar G20 ce, wadda aka fara sayarwa a 2019, silinda huɗu, lita 2, da turbo, da giya otomatik mai hawa takwas ta kamfanin ZF. Ita ko noti ɗaya ban kwance mata ba. Watannin nan ina tuƙa su bi da bi a hanyoyi iri ɗaya, shi ya sa nake ganin ina da abin faɗa.

Maganar gudu ba ta buƙatar dogon zance, sabuwar ta yi wa tsohuwar fintinkau. Injin tsohuwar, wanda ake kira M54, ya fito daga masana'anta da ƙarfin doki 231 da ƙarfin murɗawa niyuton-mita 300, kuma sai ya kai juyi 3,500 a minti kafin ya ba ka wannan murɗawar gaba ɗaya. Injin sabuwar, B48, ya fito da ƙarfin doki 258 a 2019, da niyuton-mita 400 da ke zuwa tun wajen juyi 1,600. A takarda tsohuwar na kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 6.5, sabuwar cikin 5.8. Wannan tazarar ba ta nuna gaskiyar abin da ke faruwa a titi ba. Kafin ka samu 6.5 ɗin nan sai ka iya sakin kuloci daidai, ka canza giya ba tare da ɓata lokaci ba. Sabuwar kuwa duk wanda ya taka totur zai samu nasa. Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen wuce babbar mota a hanyar da ba a raba ba. A tsohuwar sai na sauko giya biyu, na jira allurar juyin inji ta haura 4,000, sannan na fita. A sabuwar ƙafa kawai nake dannawa, giya ta sauka da kanta, kafin na ankara na koma hannuna.

Turbo ne ya kawo wannan. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke cusa iska cikin silinda da matsi. Iska ta yi yawa, a ƙara fetur, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Na sabuwar turbo ɗaya ne mai ƙofa biyu: hayaƙin silinda ta ɗaya da ta huɗu na bin hanya guda, na ta biyu da ta uku na bin ɗayar, don kada su yi karo su rage wa juna ƙarfi. Shi ya sa yake tashi da wuri. A hanyar tsauni ma ya fi riƙe ƙarfinsa, domin inji marar turbo yana raguwa duk lokacin da iska ta yi sirara a sama, mai turbo kuwa sai ya ƙara matsi ya cike gibin.

Amma akwai abin da turbo ba ya iya bayarwa, kuma nan ne tsohuwar ta riƙe ni. A M54, abin da ƙafarka ta yi shi inji ke yi a take. Ka danna kaɗan, ya ba ka kaɗan. Ka ƙara, ya ƙara daidai gwargwado. Ƙarfinsa hawa yake yi a hankali, yana ƙaruwa har kusa da jan layi a 6,500, saboda haka kana da dalilin bin allura zuwa ƙarshe. B48 yana zuba maka komai tun daga ƙasa, sai ya miƙe a haka, kuma in ka wuce 5,500 ba ka jin wani sabon abu ya zo. A tsakiyar kwana, lokacin da ka ɗaga ƙafa ka sake dannawa, akwai ɗan jinkiri kafin matsin iska ya dawo. Gajere ne ƙwarai, mutane da yawa ba za su ma lura ba. Ni dai ina jinsa, domin a daidai wannan lokacin ne nake so in daidaita bayan motar da ƙafata, sai ƙarfin ya zo a dunƙule bayan na riga na nema.

Sai sauti. Silinda shida a jere inji ne da motsin fistocinsa ke soke girgizar juna, shi ya sa yake juyawa sumul ba tare da an ƙara masa komai ba. Silinda huɗu sai an sa masa wasu sanduna masu juyawa a ciki don su kashe girgizar, kuma an yi hakan da kyau a sabuwar, ba ta kaɗa ka ko kaɗan. Sai dai turbo yana shanye ƙarar hayaƙi, don haka wani ɓangare na sautin da kake ji a ciki daga lasifika yake fitowa. Ba ya da muni. Amma wanda kunnensa ya saba da kukan M54 daga 4,500 zuwa sama zai gane cewa wannan haɗawa aka yi.

Yanzu ga gyare-gyaren, domin nan ne masu tsofaffin motoci suka fi ruɗin kansu. A ɓangaren inji na sa mata salansa mai buɗaɗɗen ciki, da bututun shan iska mai faɗi, aka kuma sake wa ƙwaƙwalwar injin lissafi. Duk wannan abin da ya ƙara bai taka kara ya karya ba. Sauti ya yi daɗi, totur ya ɗan ƙara kaifi, shi ke nan. Dalili a fili yake: inji marar turbo iskar da zai iya zuƙa da kansa kawai yake samu, kuma injiniyoyin da suka ƙera shi sun riga sun tatse mafi yawan abin da ke ciki. Inji mai turbo kuwa lissafi kawai za a canza, a ce wa turbo ya ƙara matsi, ƙarfi ya tashi sosai a yini ɗaya. Duk wanda ke tunanin zai bi sabuwar mota mai turbo a miƙaƙƙen titi da salansa da matatar iska, gara ya ajiye wannan tunanin.

Abin da ya canza tsohuwar da gaske yana ƙarƙashinta. Robobin da ke haɗa ƙafafun mota da jikinta suna laushi su tsage in sun tsufa, kuma mota mai shekara 20 da ba a canza mata su ba tana yawo a titi ko da mai ita bai sani ba. Na canza su duka, wasu da masu tauri. Na sa sabbin shokazoba da sifirin da suka sauke ta kaɗan, da tayoyi masu kama titi, da takalman birki masu jure zafi, da man birki mai kyau. Na ƙarshe kuma mafi amfani shi ne akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya. Wanda 330i ta zo da shi a wancan zamanin yana barin tayar ciki ta yi ta juyawa a banza in ka taka a kwana. A E46, M3, wato samfurin da ya fi sauran ƙarfi, ce kaɗai ta zo da mai kullewa, wanda ke hana taya ɗaya juyawa a banza. Da na sa irin wannan, sai motar ta fara fita daga kwana da tayoyi biyu suna turawa tare.

Haɗa wannan da sitiyarinta, sai ka gane abin da ya sa mutane ba sa rabuwa da E46. Sitiyarin na mai ne, famfon da inji ke juyawa ne ke taimaka masa, kuma duk abin da tayoyin gaba suka taka yana isowa tafin hannunka. Ka shiga inda titi ke da yashi, sai ya yi sauƙi kafin motar ta fara zamewa. Ka ƙara gudu a kwana, sai ya yi nauyi yana gaya maka saura nawa. Kamar doki ne mai jin linzami, kana jin bakinsa a hannunka. Na sabuwar na lantarki ne. Ya fi sauri, ya fi daidai, inda ka nuna nan take zuwa, kuma a wurin ajiye mota da yatsa biyu za ka juya shi. Amma shiru yake. In ka sa ta a yanayin wasanni, wato saitin tuƙin gudu, nauyi kawai yake ƙarawa, labarin titi ba ya ƙaruwa. Motar na kama titi fiye da tsohuwar, wannan ba na musu, sai dai kana yarda da ita ne don ka san za ta riƙe, ba don ta gaya maka ba. Girma ma na da nasa: sabuwar ta fi tsayi da kusan santimita 24, ta fi faɗi, ginshiƙan gilashinta sun fi kauri, don haka a ƙaramar hanya mai lanƙwasa tsohuwar ta fi sauƙin ajiyewa inda kake so.

Kowane gyara da abin da yake karɓa. Robobi masu tauri suna shigo da ƙarar titi da girgiza cikin mota. Saukar da ita ya sa dole in bi tudun rage gudu a karkace. Salansar da ke burge ni minti goma na farko tana zama gunji a kunne bayan awa biyu a babbar hanya, kuma wanda ke zaune a baya ya fi kowa shan wahalarta. Da a ce na ƙara tauri a kan wannan, da an shiga garin neman gira a rasa ido, kuma na ga motoci da yawa da aka kai can: an sauke su har taya na goga bodi, an sa manyan wili masu nauyi, mota ta fi yadda ta fito daga masana'anta muni. Sabuwar ba ta san wannan ciniki ba. Shokazobanta suna da laushi a tsakiya, su yi tauri in sun kusa ƙurewa, jikinta kuma ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa take iya haɗa natsuwa a kwana da sauƙi a kan gargada. Abin da masu gyara ke nema da shekaru, an ba ta shi tun daga farko.

A doguwar tafiya babu gasa. Giya ta takwas na sauke juyin inji ƙasa sosai, mota ta yi tsit, fetur ya daɗe. Tsohuwar ta fi sha a kowane hali, ko da yake in ka matsa wa sabuwar, turbo na aiki ba hutu, ita ma allurar mai sauka take yi. Fitilunta sun fi haske, kujerar baya ta fi fili, kuma tana da birkin da ke kama kansa in ta hango karo. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaukar iyali, kuma babu gyaran da zai ba tsohuwar ƙarfin jiki da kariyar motar da aka ƙera shekara 15 bayanta.

Kulawa kuwa kowacce da irin nata. Wanda zai sayi E46 ya san cewa kayan sanyaya injinta, tankin ruwa da famfo da bakin lagireto, akwai roba a jikinsu da ke gajiya da zafi, kuma masu riƙe da ita kan canza su gaba ɗaya kafin su fashe, domin M54 ba ya yafe zafi. Ya kuma sa a ɗaga motar a duba ƙasan bodi inda ƙafafun baya ke ɗaure, wuri ne da aka san yana tsagewa a wannan ƙirar, kuma robobi masu tauri da tuƙin ƙarfi na ƙara masa nauyi. Ni na sa an ƙarfafa wurin da faranti kafin in taɓa komai a baya. Daɗinta shi ne buɗe bonet kana ganin komai, akwai sandar duba baƙin mai, kuma bakanike mai hankali zai yi mafi yawan aikin da kayan hannu. Sabuwar a allo take gaya maka yawan mai, kusan kowane aiki sai an jona kwamfuta. Tana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, saboda haka fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shan iska kamar yadda yake yi a M54, kuma injuna irin wannan kan tara baƙin datti a wurin da tafiya ta yi nisa. Turbo kuma yana son baƙin mai mai kyau a kan lokaci, da ɗan haƙuri kafin inji ya ɗumama.

An sha tambayata ko zan sake wa ƙwaƙwalwar sabuwar lissafi, tunda nan ne ƙarfi ke zuwa da sauƙi. Ba zan yi ba. Garantin inji da giya na iya tafiya da shi, zafi zai ƙaru, kuma gudu ba shi ne abin da ta rasa ba. Abin da nake shirin canzawa tayoyinta ne. Ta zo da irin waɗanda ake iya tafiya da su ko sun yi faci, gefensu na da tauri, suna buga ƙananan ramuka da ƙarfi fiye da yadda shokazoban suka cancanta. In sun cinye zan sa na yau da kullum masu kyau, in ajiye abin faci da famfo a but.

In mota ɗaya za ka riƙe, kana zuwa aiki da ita, kana tafiya da iyali, ɗauki sabuwar ka bar ta yadda take. Tsohuwar ta wanda ke da wata motar ce, da wurin ajiyewa, da bakaniken da ya san ta, kuma ya fara kashe kuɗinsa a kan ruwa, robobi, birki da taya kafin ya waiwayi salansa. Tawa tana nan, kuma aikin da ke gabanta shi ne mayar mata da salansa mai ɗan shiru, in bar sauran yadda suke.