Gadin kamfani a shagunan Yamai: abin da kuɗinka ke saya da batun korar maigadin da ya bi ɓarawo

Mai kanti, farmasi ko gidan mai da ya ɗauki maigadi daga kamfanin tsaro a Yamai, yawanci abin da zai samu shi ne mutum ɗaya cikin kaki, da kulki, usur, tocila da wayar salula. Babu bindiga. Aikin awa 12 ne, ɗaya da rana ɗaya da dare, kuma akwai kundi da ake rubuta duk abin da ya faru a ciki: wa ya shiga bayan an rufe, ƙarfe nawa wuta ta ɗauke, wane kwaɗo aka tarar a buɗe. Kamfanin kirki yana da mai sa ido da ke zagayawa a moto cikin dare ya sa hannu a kundin. In ka buɗe kundi ka ga mako guda babu sa hannunsa, to kaki kawai kake biya.

Kan kuɗi, lissafin ba shi da wuya. Tun watan Janairu 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata. A kan wannan sai a ɗora kason CNSS (asusun inshorar ma'aikata na ƙasa), kuɗin kaki, albashin wanda zai canji maigadi ranar hutunsa, da ribar kamfani. Duk wanda ya yi maka tayin gadi a kusa da jaka 42, ka san wani abu aka cire, kuma galibi rajistar CNSS ce. Ka nemi ganin lambar rajistar maigadin kafin ka sa hannu. Ranar da aka sare shi da wuƙa a bakin shagonka za ka gane amfaninta, don ta nan ake biyan magani da diyyar haɗarin aiki, kuma doka ta ce a kai rahoton haɗarin cikin awa 48.

Inda ake yawan samun saɓani shi ne umarnin da kamfanoni da dama ke bai wa ma'aikatansu: ka gani, ka busa usur, ka kira 17 (lambar ƴan sanda), ka rubuta, amma kada ka bar wurinka ka bi ɓarawo. Masu shago ba sa son jin wannan. Sai ka ji Alhaji yana cewa, "To me nake biyanka?" Amma umarnin yana da hujja. Ɓarayin shago kan zo su biyu ko uku. Ɗaya ya fizgi abu ya ruga, maigadi ya bi shi, sauran su shiga su kwashe aljihun kuɗi. Masu fizge a kan moto kuma sau da yawa na bayan yana riƙe da wuƙa. Hujja ta uku ita ta fi muni: a wuri irin Katako, Wadata ko Babbar Kasuwa, da zarar an yi ihun "ɓarawo!" jama'a ta taso, babu mai iya tsayar da ita. In yaro ya mutu a kan katan ɗin madara, maigadi da mai shago ne za su kwana a komisariya suna bayani.

Ba a nan kawai ake wannan gardama ba. A 2023 kamfanin tufafi na Lululemon a Amurka ya kori ma'aikata biyu a jihar Jojiya bayan sun tunkari ɓarayi a shago, shugaban kamfanin kuma ya fito ya kare hukuncin, ya ce kaya ne kawai, lafiyar mutane ta fi.

Mun yarda da umarnin, ba mu yarda a mai da kora hukuncin farko ba. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ce kora sai da dalili na halal, kuma babban laifi ne kaɗai ke hana ma'aikaci wa'adin sallama. Kotu ce ke da ta cewa kan ko laifin ya kai babba, ba ofishin kamfani ba. Sannan doka ta bai wa kowa damar riƙe wanda aka kama yana cikin aikata laifi ya miƙa shi ga ƴan sanda ko jandarma. Maigadin da ya riƙe ɓarawo a ƙofa, bai dake shi ba, ya kira 17, bai yi abin kora ba ko da takardar kamfani ta ce kada ya taɓa kowa. Wanda ya bar farmasi a buɗe ya bi moto har unguwa ta gaba, wannan ya yi kuskure, amma matakan suna nan: takardar neman bayani, gargaɗi a rubuce, dakatarwa ta ƴan kwanaki. Wanda kuwa ya ɗaure mutum a bayan shago yana jibgarsa don ya faɗi inda kaya suke, shi ne ya cancanci kora, har ma da kotu.

Akwai inda umarnin "kada ka sa hannu" ba shi da wuri sam: in ana shaƙe yarinyar da ke kan aljihun kuɗi, ko an kayar da wata Hajiya ana jan jakarta a ƙasa. Ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari, alhali kana iyawa ba tare da jefa kanka ciki ba, laifi ne a dokar Nijar. Kamfanin da takardarsa ba ta raba kare kaya da kare rai ba, bai gama aikinsa ba.

Wani abin da masu shago ba sa lura: sau da yawa ba a cewa "mun kore ka". Sai a ɗauke maigadi daga wurin, a ce ya jira wani wuri, albashi ya tsaya, har ya gaji ya tafi. Wanda aka yi wa haka ya kai ƙara ofishin sufeton aiki, a can ake fara sasantawa kafin kotu.

Hidimar ta cancanci kuɗinta ga shagon da ke kwana da kaya masu tsada, muddin an rubuta a yarjejeniya iyakar inda maigadi zai tsaya, wa zai kira bayan 17, wa ke biyan kayan da suka ɓata lokacin gadi, da cewa ba za a hukunta shi kan abin da ya faru a shagonka ba sai an ji ta bakinka kuma an duba kyamara. Kyamarar ma a sa mata batir, don in wuta ta ɗauke ba za ta ɗauki komai ba.