Shekara Guda da Libarba Mai Cin Albarushi

Warin ne ya fara kama ni. Wata Asabar a filin harbi na ƙungiyarmu a jihar Ohio, wani dattijo da ke gefena ya ɗaga wata doguwar libarba, wato bindigar hannu mai ramukan harsashi masu juyawa, ya saki harbi. Ƙarar ba irin tas ɗin bindigogin zamani ba ce, wani dum ne mai nauyi, sai farin hayaƙi ya turnuƙe wurin. Da iska ta kaɗo shi hancina, nan take na ganni a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ina yaro riƙe da hannun kawuna, 'yan bindigar Sarki suna ɓarin albarushi, dawakai na tuma. A wancan lokacin in aka ce 'yan bindiga, su ake nufi. Yau kalmar ta koma sunan masu zubar da jinin bayin Allah a ƙauyukanmu, abin kuwa yana ci mini rai, shi ya sa na daɗe ina jinkirin wannan rubutu.

Wata biyu bayan nan na sayi tawa, a kan dala 300 da 'yan kai. Kwaikwayon Remington New Model Army ce, wadda masu sha'awa ke kira 1858, ƙirar wani kamfani na yankin Brescia a arewacin Italiya, inda kusan duk irin waɗannan kwaikwayon ke fitowa tun ƙarshen shekarun 1950. Sunan 1858 ya samo asali daga shekarar da Fordyce Beals ya yi rajistar fasaharsa, amma wannan samfurin sai a 1863 aka fara ƙera shi a garin Ilion na jihar New York, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. A watan Fabrairun 1864 gobara ta cinye babban ɓangare na masana'antar kamfanin bindigogi na Colt da ke Hartford, sai gwamnatin ɓangaren Arewa a yaƙin ta ƙara raja'a ga kamfanin Remington, har ta sayi sama da 100,000.

Na yi ta kai-kawo tsakaninta da Colt 1851 Navy. In kyau ake magana, Colt ta fi ta nesa ba kusa ba, ƙotarta na zama a tafin hannu kamar don kai aka sassaƙa, ga zanen yaƙin jiragen ruwa na Campeche na 1843 a jikin gangarta, wato ƙarfen nan mai juyawa da ke ɗauke da ramukan harsashi shida. Abin da ya rinjaye ni shi ne ƙarfen da ya haɗe saman gangar Remington, wanda Colt 1851 ba ta da shi. Yana ƙara mata ƙwari, a jikinsa kuma aka yanka tsagar saiti. Sannan cire ganga ba wahala: ka sauke sandar dannawa, ka zaro sandar tsakiya, gangar ta faɗo hannunka. Akwai kuma 'yan tsagogi tsakanin ramukan nan shida, inda guduma, wato ƙarfen da ke dokawa in an ja kunama, ke kwanciya ba tare da ta hau kan hular da ke ba da tartsatsin harbi ba.

Nauyinta ya ɗara kilo ɗaya da kwata kaɗan, bututun inci 8 ne mai kusurwa takwas, girman bakin .44 na inci. Ranar da na fito da ita daga kwali na ji daɗin aikin: baƙin ƙarfen na sheƙi, katakon ƙota ya zauna daidai, tagullar da ta kewaye kunama ba gargada. Kunamar dai da ɗan tauri da farko, sai bayan harbi wajen 200 ta yi laushi.

Ɗurin shi ne zuciyar al'amarin, a nan kuma mutum zai gane ko abin nasa ne. Kowane rami sai ka auna masa albarushi da mudu na musamman. Ni kan zuba giren 25, abin da bai kai giram 2 ba. Daga nan ka sa ɗan ƙyalle mai kauri da aka jiƙa da maiƙo, ka ɗora dunƙulen dalma mai girman .454, ka juya gangar ta zo ƙarƙashin sandar dannawa, ka danna har ya zauna a kan albarushin ba tare da barin sarari ba. In dalmar ta yi daidai, bakin ramin zai aske mata wani siririn zobe, alamar ta toshe ramin ke nan. Sai a ƙarshe, kana tsaye a layin harbi, bakin bindiga na kallon gaba, ka sa wa kowane ɗan tsini na baya 'yar hularsa ta jan ƙarfe, wadda guduma za ta doka ta ba da tartsatsi. A farko ramuka shida kan ci mini minti 10. Yanzu na kan gama a cikin 4 ko 5. Harbin kuwa, in ka ga dama, daƙiƙa 20 ya ƙare.

Dattijon nan, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, shi ya zauna da ni a ranakun farko. Abu uku ya nanata mini har suka zauna. Kada a taɓa zuba garin harsashin zamani, wanda ba ya hayaƙi, a irin wannan bindiga, domin ƙarfinsa zai iya tarwatsa ta a hannun mai ita. Kada a tsiyaya albarushi kai tsaye daga goransa zuwa rami, saboda in akwai ragowar tartsatsi a ciki, goran gaba ɗaya zai tashi. Kuma kada hannun hagu ya wuce gaban ganga, don wani lokaci wuta kan tsallaka ta kunna ramin da ke maƙwabtaka, harsashi biyu ko uku su fita a tare. Bai taɓa faruwa da ni ba, alhamdulillahi, amma na ga tabon a ɗan yatsan wani. Tabarau da abin toshe kunne kuwa, ba a ma barinka ka tsaya a layi sai da su.

Wajen samun abin da aka auna ta ba ni mamaki. A yadi 25, in na ɗora hannu a kan jakar yashi, harsashi shida kan taru a wurin da tafin hannu zai rufe. Dukanta a hannu mai laushi ne, turawa take yi maimakon fizga, ko da yake dalmar ta kai giram 9. Tawa ta zo tana harbi ƙasa da inda aka auna, sai da na goge tsinin saitin gaba da zarto kaɗan-kaɗan, cikin fita uku, kafin ta daidaita.

Ba ta rasa aibu ba. Hulunan da na fara saye sun yi wa tsinayen yawa, suna zamewa, sai da na koma ƙaramar lamba, daga baya ma na canza tsinayen shida gaba ɗaya. Kusoshin jikinta ƙarfensu na da taushi, na ɓata kan guda biyu kafin na sayi sukundireba da ta dace da su. Babbar damuwar ita ce tokar. Albarushi in ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska, datti yake bari. Bayan ɗuri uku ko huɗu sai gangar ta fara cijewa a kan sandar tsakiya, guduma ta yi nauyin ja. Dole ka tsaya, ka cire, ka goge, ka shafa maiƙo. Mai na injin ba ya yi, haɗuwa yake da tokar ya zama kamar kwalta. Kitsen rago da aka narka da kakin zuma shi ya fi yi mini, na kan ajiye na layya musamman saboda haka.

Sai wanki, wanda ba ya jiran gobe. Tokar albarushi na jan danshi, in ka kwana ba ka wanke ba, da safe za ka tarar da jan tsatsa a cikin bututu. Ruwan zafi da sabulu kawai take so, amma sai ka kwance ganga da tsinaye, ka cuɗa, ka ɗauraye, ka busar sarai, ka shafe. Minti 40 ne a kowace fita, ruwan kuma baƙi ƙirin da warin ruɓaɓɓen ƙwai saboda farar wutar da ke cikin albarushin. Uwargida ta ce, "Malam, wannan aiki ba na madafa ba ne," kuma gaskiyarta, yanzu a gareji nake yi. Duk wanda ya san ba zai jure wannan ba, ya bar kuɗinsa a aljihu.

Masu tambayata daga gida ko doka ta yarda a mallaki irin wannan, ga amsa. A nan Amurka dokar tarayya ta 1968 ta ware bindigogin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan, da kwaikwayonsu da ba sa cin harsashin zamani, ba ta lissafa su da sauran makamai, amma jihohi irin su New Jersey suna da tasu dokar mai tsauri. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattu, har da masu cin hula irin wannan. Don haka kada kowa ya ce in riƙo masa. Ba kuma abin tsaron gida ba ce, danshi kaɗan zai iya hana ta tashi. Tawa a kulle take cikin akwatin ƙarfe, babu ɗuri, albarushi da huluna a wani wuri dabam da yara ba sa kaiwa.

Ta asali, wadda ta ga yaƙin basasa, na taɓa riƙe ɗaya a wata kasuwar kayan tarihi kusa da Gettysburg. Baƙinta ya koɗe ya koma ruwan toka, hatimin sufeton soja na nan dishi-dishi a jikin ƙota, kuɗinta ya ninka na tawa sau da yawa. Irin wannan ta ajiya ce, ba zan so in ƙona albarushi a cikinta ba. Ta harbi dai, wannan ta ishe ni: na kusa harbi 900 da ita, ba abin da ya karye, kuma da za a mayar da ni ranar da na saye ta, ita zan sake ɗauka. Ina tara kuɗin Colt 1851 mai bakin .36, in Allah ya kai mu bazara.