Kafin ka saida gona don a miƙe maka baya, zauna mu yi lissafi

Yayana tela ne a Zango, shekara kusan ashirin yana fama da wannan ciwon na daskarewar ƙashin baya, wanda in takardar lokotoro ta Faransanci ce za ka ga an rubuta spondylarthrite ankylosante, in kuma Kano ka je su ce maka ankylosing spondylitis, duk abu guda ne. Tun yana saurayi ya fara, ciwon ƙugu da asuba, ya tashi jiki a sandare sai ya yi ta zirga-zirga kafin ya sake, mu kuma muka ce sanyi ne. Yau baya ya lanƙwashe, in yana tafiya ƙasa yake kallo, ku yi kiciɓis a kasuwar Dole sai dai ya gane ka da murya ko da takalmi. Wata takwas ke nan ina bin maganar tiyata, to ga abin da na tattaro, wataƙila ya rage ma wani wahala.

Abu na farko da ban gane ba sai daga baya, kuma wallahi shi ne kan maganar: aikin nan ba ya warkar da ciwon, ba ya kuma maido da lanƙwasuwar baya. Gaɓoɓin sun riga sun manne sun zama sanda guda, a radiyo, wato hoton ƙashi, kamar sandar gora. Abin da lokotoro zai yi shi ne ya yanke sandar, ya miƙe ta, ya ɗaure da ƙusoshi da sandunan ƙarfe ta sake mannewa a sabon tsayi. Wato a daskare ka shiga a daskare za ka fito, sai dai yanzu kana kallon gabanka. In wani ya ce maka za ka dawo kana ruku'u da sujada kamar da, riƙe kuɗinka.

Sannan ka tabbata ma ciwon ne. A wajenmu doro da yawa tarin fuka ne da ya ci ƙashin baya, shi yakan yi ƙusumbi mai tsini a wuri ɗaya, wannan kuwa lanƙwasa ce doguwa kamar baka, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai gwajin jini da ake kira HLA-B27, amma a nan Afirka ta Yamma masu ɗauke da wannan alamar kaɗan ne, don haka in ya fito babu, ba shi ke nan an wanke ka ba. Radiyon ƙugu da na baya gaba ɗaya kana tsaye, da sikanar, su ne ake fara dubawa.

To zaɓin farko shi ne kar a yi aikin sam. Kar ka raina shi. Galibin masu ciwon nan ba sa kaiwa ga wuƙa. Magungunan kumburi irin su diclofenac da naproxen, da motsa jiki wajen masu kine kullum ba fashi, da barin sigari, suna riƙe mutum sosai, sai dai a kula da ciki da ƙoda in an daɗe ana sha. Akwai allurai masu ƙarfi irin adalimumab da etanercept, suna kwantar da kumburin ƙwarai amma da tsada, dole a fara gwada ka tarin fuka da ciwon hanta, kuma a firigo suke zama, kai ka san kuran ɗin Damagaram a watan Afrilu. Duk da haka babu maganin da ke miƙe ƙashin da ya riga ya manne. Ni a ganina in har kana ganin hanya, kana kwanciya rigingine, kana cin abinci ciki bai matse ba, numfashi lafiya, to zauna a nan. Ana maganar aiki ne in mutum ya kasa kallon gaba, ko haƙarƙari ya danne ciki, ko haɓa ta sauka kan ƙirji har haɗiya na gagara.

Bari in ratsa nan. Mai ɗori, a'a. Na san muna da gwanaye a karaya, amma bayan mai wannan ciwon ga tauri ga gautsi, ƙaramar faɗuwa daga kan kabu-kabu tana iya karya shi har ta taɓa laka. Akwai wanda ya ce a kawo Yaya a kwantar da shi a taka bayan ya miƙe, Allah ya sa Inna ta hana. In irin wannan mutum ya faɗi ya ce wuya ko baya na masa sabon ciwo, a kai shi asibiti yadda yake a lanƙwashe, a tokare da matasai, kar a ce sai an miƙe shi.

Zaɓi na biyu mutane ba su cika sani ba: wani lokaci rabin duƙawar daga kwatangwalo take. In ciwon ya cinye mahaɗar ƙugu, mutum ba ya iya miƙe cinya, sai ya zama kamar baya ne duka. Lokotoroci da yawa sukan ce a fara canza mahaɗar da ta roba da ƙarfe, a ga yadda tsayuwa ta koma, wani daga nan ma sai ya ce ya isa. Aiki ne da aka fi sabawa da shi nesa ba kusa ba, ka sa a duba wannan kafin komai.

Yanzu yankan bayan kansa. Wanda ya fi daɗewa shi ne na Smith-Petersen, lokotoro ne a Amurka, ya bayyana shi a 1945. Ana cire ɗan ƙashi ta baya a rufe giɓin, sai gaba ya buɗe. Yadda ake yinsa yanzu a gaɓoɓi da yawa, kowace gaɓa tana ba da kamar digiri 10, jini bai kai na yanka na biyu da zan faɗa zuba ba, amma yana son gaban ƙashin ya zama bai gama daskarewa ba. In an tilasta buɗe gaba da ƙarfi a wuri guda, babbar jijiyar jini tana nan kwance a gaban ƙashin, kuma ta yi tauri a wajen wasu, to ka ga haɗarin.

Yanka na biyu, wanda aka fi yi ma masu baya irin na Yaya, a takarda za ka ga PSO, wani lokotoro Thomasen ne ya bayyana shi a 1985. Nan gaɓa ɗaya ake sassaƙe wa yanki kamar yadda kake yanka kankana, faɗi ta baya tsini ta gaba, sai a rufe, ƙashi ya haɗu da ƙashi. Wuri ɗaya yana ba da digiri 30 zuwa 35. Yawanci a ƙasan baya ake yi, gaɓa ta biyu ko ta uku ta ƙugu, dalili kuwa laka tana ƙarewa sama da nan, ramin ya fi faɗi, kuma gyara kaɗan a ƙasa yana ɗaga kai da yawa a sama, kamar ka karkata gindin turke. Kuɗin da ake biya shi ne jini, yana zuba sosai, aikin awoyi ne masu yawa, kuma akan samu raunin jijiyar ƙafa, wani ya wuce wani ya zauna, ko rufin laka ya yage, ko ciwo ya ruɓe, ko bayan shekara ɗaya biyu sandar ƙarfen ta karye in ƙashi bai kama ba. In lanƙwasar ta yi yawa har wuri biyu ake yanka. Akwai kuma cire gaɓa ɗungurungum, wannan sai doro mai tsanani, ya fi duka haɗari.

Na wuya daban ne, ga wanda haɓarsa ta kwanta a ƙirji. A gindin wuya ake yi, tsakanin gaɓar wuya ta bakwai da ta ƙirji ta farko, kusa da laka ƙwarai, wannan kam kar ka ba wanda bai saba ba ko kyauta ne.

Wani abu da ya ba ni mamaki, miƙewa da yawa ma matsala ce. Tunda wuya ba ya motsi, in aka ɗaga ka sak kamar soja ba za ka ga kwanon tuwo ba, ba za ka ga matakala ba, tela kuma ba zai ga allurar keke ba. Suna auna layi daga goshi zuwa haɓa, su bar ka da ɗan sunkuyo kamar digiri 10 zuwa 20. Don haka ka gaya ma lokotoro rayuwarka tsaf: a tabarma kake zama, masai na tsuguno ne, sana'arka kaza. Na ce ma Yaya, "Yaya, in an yi fa sai kujera, har salla." Ya yi shiru ya ce, "Ai ko yanzu goshina bai kai ƙasa sai da dabara, ni dai in ga fuskar 'ya'yana in suna tsaye."

Sai maganar ina. A nan babban asibitin Zinder ka fara, a yi radiyo da gwaje-gwaje a ba ka takardar turawa. Yamai kusan kilomita 900 ce, can akwai masu aikin ƙwaƙwalwa da laka, harshe da takardu duk namu. Kano ta fi kusa, ba ta kai kilomita 300 ba, ga asibitin ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, ga Hausa, ga 'yan uwa da za a sauka wajensu, dawowa dubiya ba wuya. Waje kuma mutanenmu Tunusiya suke zuwa, da Maroko, Masar, Turkiyya, Indiya, can ne aka fi samun manyan cibiyoyi masu cikakken kayan aiki, sai dai ga jirgi ga biza ga masaukin mai jinya, ga dillalan WhatsApp da ke cin kamasho, ɗaya ya turo mana farashi ko radiyon bai gani ba, daga nan na share lambarsa. Kuma in ƙarfe ya karye bayan shekara wa zai duba ka?

Ni ba sunan ƙasa nake saye ba, amsar tambayoyi nake saye, kuma ko ina iri ɗaya nake yi. Irin wannan yankan, a kan mai wannan ciwon, sau nawa ka yi da hannunka? Akwai na'urar da ke sa ido kan laka lokacin aiki? Mai sa barci ya saba da wuyan da ba ya lanƙwasa, yana da bututu mai kamara? Don sa bututun numfashi a irinsu shi kansa aiki ne, kuma kwantar da mai doro rub da ciki a kan tebur sai an yi dabara. Leda nawa ta jini za a tanada, akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman? An auna ƙarfin ƙashi, tunda ƙusa ba ta kama ƙashi mai laushi? Kuɗin da aka rubuta ya haɗa da ƙusoshin da sandunan, da kwanakin asibiti in sun ƙaru, da komawa tiyata in ta ɓaci? Lokotoron da ya ji haushin tambayoyin nan ka gaishe shi ka fita, wanda ya zauna ya lissafa maka abin da ka iya lalacewa shi na fi yarda da shi.

Ka kuma sa kuɗin bayan aiki a lissafi, nan ne ake faɗuwa. Ƙashi yana ɗaukar watanni kafin ya kama, har shekara, wasu su sa ka rigar roba mai tauri, babu ɗaukar kaya, babu babur, ga kine, ga radiyo lokaci lokaci, ga maganin ciwon da ba za a daina ba, ga gida da zai ci abinci alhali keke na ajiye. Tafiyar Yamai zuwa nan a bas da sabon ɗinki ma sai an tambayi lokotoro yaushe.

Mu dai inda muke, radiyo ya nuna kwatangwalon hagu na Yaya ya cinye, shi za a fara gyarawa bayan an cire amfanin gona. Gonar Mirriya ba mu saida ba tukuna. Na riga na sa kafinta ya ƙara ma teburin kekensa tsawo, masai na zama kuma birkila zai zo ranar Asabar ya auna.