Ƙaramar kwamfutar gwada layin faiba: wacce za ta iya da zafin Sakkwato?

Wanda ke jan faiba zuwa ɗakin sabar na banki, makaranta ko asibiti ya san matsalar: laftof ɗinsa gigabit 1 (ma'aunin gudun data a layi) yake ɗauka, alhali suwic ɗin da aka ce ya gwada, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin wurin, yana gudun 10 ko 25. Shi ya sa ake haɗa 'yar kwamfutar da za ta shiga jakar goyo.

Raspberry Pi 5 yana da araha, amma ramin wayarsa gigabit 1 ne. A bar shi.

Minisforum MS-01 yana zuwa a haɗe da ramin SFP+ biyu na gigabit 10, wato ramukan da ake soka kan faiba (ɗan ƙarfen da ke haɗa wayar faiba da na'ura), ga kuma gurbin PCIe na ƙara katin sadarwa. Idan aikinka bai wuce 10 ba kuma aljihu zai ɗauka, ka huta da haɗe-haɗe. Sai dai ramukan nan na Intel X710 ne, kuma katunan Intel kan yi tsirfa, su ƙi karɓar kan faiban wani kamfani. Ka gwada naka tun kafin ka isa wurin aiki.

Ni dai na fi karkata ga Lenovo ThinkCentre M720q ko M920q na hannu, irin waɗanda ake samu a Legas ko Kano. Suna da gurbin PCIe, amma sai da 'yar mahaɗar da ke kwantar da kati, kuma sau da yawa ba a sayar da su tare da ita. Ka tambayi mai kaya kafin ka tura kuɗi. Ka sa masa katin sadarwa na Mellanox ConnectX-4 Lx, ka samu gigabit 25, kuma bai cika zaɓen kan faiba ba.

Zafi ne abin da ya fi damuna. An ƙera waɗannan katuna ne don sabar mai fankoki masu hura iska da ƙarfi, su kansu ba su da fanka. A Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, kati a cikin matsattsen akwati zai yi zafi har layi ya riƙa yankewa, kai kuma ka ɗora wa faiba laifi. Ka maƙala ƙaramar fanka a kan ƙarfen katin, ka riƙa hure ƙurar hunturu daga ciki. Kan RJ45 (na wayar sadarwa ta tagulla da aka saba) na gigabit 10 ya fi na faiba zafi sosai. Don gajeren nisa, wayar DAC, wato wayar tagulla mai zuwa da kawunanta a haɗe, ta fi.

Mai neman gigabit 100 kuwa, sai ƙaramin allon kwamfuta na mini-ITX mai babban gurbin PCIe (x16) da katin ConnectX-5, domin gurbin PCIe 3.0 x8 irin na Lenovo ɗin ba ya wuce kusan gigabit 63. Akwatin ya fi girma, ya fi cin batirin inbata.

Ka sa wa kwamfutar tsarin aiki na Linux. Umarnin ethtool -m zai nuna maka ƙarfin hasken da ke shigowa, manhajar iperf3 kuma ta auna gudu. Ka nemi sigar iperf3 3.16 zuwa sama, don tsofaffin ba sa raba aiki tsakanin sassan furosesa, sai awon ya fito ƙasa da gaskiyar layin.