Wurin wankin ƙoda da muke kai Baba a Ikeja

Jama'a masu tambayata ina muke kai Baba wankin ƙoda, ga bayanin nan gaba ɗaya. Cibiya ce ta kuɗi a gefen Ikeja, ba zan kama suna ba tunda akwai ƙorafi a ciki. Kusanci ne ya fara kai mu, daga Agege mota ɗaya ce, don mutumin da yayi awa huɗu a kwance jininsa na fita yana shiga inji ba zai iya zaman gosulo ba bayan an cire shi, jiri kawai yake ji da kasala.

Gaskiya nas ɗinsu ne suka riƙe mu. Kafin a ɗora shi sai sun auna kilonsa, an gama a sake aunawa, a haka suke gane yawan ruwan da ya tara da wanda aka cire, kuma suna zagayowa duba hawan jini akai-akai ba sai ka je ka kira su ba. Ranar da jininsa ya faɗi ƙafarsa ta ɗaure yana salati, kafin in tashi daga kujera har sun rage gudun injin sun saka mishi ruwa. Akwai wata Bayarabiya a cikinsu, tashin Agege ce, Hausa a bakinta kamar jakar Kano, Baba Alhaji take ce mishi. Wallahi ita ce ta fahimtar da shi abin da takardar Turanci ta kasa, ta ce Baba Alhaji kunu ruwa ne, koko ruwa ne, fura da miya duk a lissafin ruwa suke, ayaba da lemo da dabino da ruwan kwakwa kuma sinadarin fotashiyam ɗinsu na iya taɓa zuciya tunda ƙodar bata fitar da shi. Gishiri da magi da kanwa a rage sosai. Jiƙe-jiƙen da 'yan uwa ke aikowa daga gida da maganin ciwon jiki irin su diclofenac, ta ce kar ya kusance su. Hannun da aka yi mishi fistula, wato haɗin jijiyoyin jini da ake jona injin ta wurin, ba a auna hawan jini a nan, ba a ɗibar jini, ko agogo baya ɗaurawa.

Tsafta ba laifi. A gabanka suke yage ledar sabuwar matata da robobin jini, masu ciwon hanta injinsu daban, kuma in an ɗauke wuta janareto na tashi nan take.

Toh sai maganar kuɗi, nan ne raina ke ɓaci. Farashin da ake faɗa maka a waya na wankin ne zalla, allurar ƙarin jini daban, ta ayon (sinadarin ƙarfe na jini) daban, gwajin PCV na duba yawan jini daban, sai ka zo biya ka ga lissafi ya haura. Kuma ba sa jona mutum sai kuɗi ya shiga. Akwai ranar da netwok ɗin banki ya tsaya, Baba na zaune ƙafafu a kumbure numfashi sama-sama, su kuma alat suke jira, mutumin da suke gani duk sati. Wannan bai dace ba ko kaɗan, na faɗa wa manajan a gaban idonsa. Likitan ƙoda ma ba kullum yake zama ba, ɗakin jira ƙarami ne, babu wurin sallah sai dai ka fita ka nemi masallaci, shi Baba in azahar ta same shi a kan inji a kishingiɗe yake yi.

Sau uku a sati ya kamata, mu biyu muke iyawa, kuma ba su ɓoye mana cewa akwai haɗari a hakan ba, na ji daɗin wannan gaskiyar. Wanda bai da ƙarfi ya fara tambaya a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ko asibitin tarayya na FMC Ebute-Metta, suna cikin asibitocin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa ta sauko da kuɗin wanki daga N50,000 zuwa N12,000. Mu ma muna neman gurbi a can.

In nan ɗin za ka zo, ka nemi layin safe, ka sa su rubuta maka duka kuɗin a takarda tun kafin ranar, ka riƙo tsabar kuɗi ko da rabi ne, sannan ka taho da bargo da safa don sanyin ɗakin yana damun tsofaffi sosai.