Ƙosai a Salvador: sharhina kan wani gidan abincin masu ƙaurace wa nama

Kwana takwas na yi a Salvador, babban birnin jihar Bahiya a Birazil, kuma ukun farko da ayaba da mangwaro da burodi na rayu. Ba na cin nama a tafiya idan ban san wanda ya yanka ba, jatan lande kuma borin jini yake tayar mini, ga shi a garin nan da busasshen jatan lande ake ɗaure miya da yawa. Shi ya sa nake neman inda aka rubuta "vegano", wato abincin da babu komai na dabba a ciki.

Ranar farko na shiga irin gidajen da mutum ke zuba abinci da kansa a auna masa a sikeli. Na nuna wake na ce "sem carne?", wato babu nama, yaron ya ce babu. Cokali na biyu na ci karo da guntun naman alade. Ashe a wurin wasunsu tsiran alade da kitsen da ake dafa wake da shi ba su cikin lissafin nama. Na biya na fita, raina a ɓace, har dare ban ƙara sa komai a baki ba.

Rana ta huɗu manhajar waya ta kai ni wani ɗan gida can gaba da Pelourinho, tsohuwar unguwar tarihi ta garin, a unguwar Santo Antônio, teburi bai fi shida ba. Tun daga ƙofa ƙamshin manja da albasa ya tare ni. Mai wurin, dattijuwa da ɗankwali fari, ta ga yadda nake ta juya takardar abinci, sai ta ce "minha filha", wato 'yata, ta yi mini alama in zauna. Ta tambaye ni "quente ou frio", wato mai zafi ko mai sanyi. Na ɗauka zafin wuta take nufi na ce quente, ashe barkono ne. Gara da na faɗi haka.

Abin da ta kawo sunansa acarajé. Jama'a, ƙosai ne! Farin wake ne aka surfe, aka niƙa da albasa da gishiri, aka buga shi ya tashi, sai dai a manja ake soyawa ba man gyaɗa ba, kuma girmansa ya kai dunƙulen hannu. Bayansa ja ƙarau-ƙarau, cikinsa fari da laushi. Ana tsaga shi biyu a cusa vatapá, wani kauri da ake yi da burodi, madarar kwakwa, gyaɗa da yazawa, sai caruru, wato miyar kuɓewa, da yankakken tumatir. Matan da ke sayar da shi a bakin titi cikin fararen kaya da jatan lande suke haɗa waɗannan, shi ya sa kwana uku ina wuce su ina haɗiyar miyau. Ita kuwa ta kai ni har bakin tukunya, ta nuna mini gyaɗa da yazawa da citta, tana girgiza kai tana cewa "sem camarão", wato babu jatan lande. Wannan kulawar ce ta fi taɓa ni. Na ci biyu, na ƙara da abará, wanda alale ne a ganyen ayaba, kuma wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Ba yunwa kaɗai ta sa ba. Da safen ranar na bi titunan da bayi Musulmi suka yi tawayen Malê a watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. Sunan acarajé ma daga akara na Yarabanci ya fito. Zama a garin da aka kawo mutanenmu cikin sarƙa, ina cin abin da ake soyawa a ƙofar gidanmu kowace safiya, ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

A daren nan da an ba ni dama tauraro goma zan ba su.

Sai dai fa washegari na koma, na hau tudun nan da ƙafa cikin rana, na tarar da ƙofa a rufe, alhali allon da ke jikinta ya ce a buɗe suke. Babu takarda, babu bayani. Na kira lambar, ba a ɗauka ba. Wanda ya san yadda Salvador take, gari ne hawa biyu, zai gane wahalar da nake faɗa.

Zuwa na uku na yi sama da awa ɗaya ina jira. Ƙosai ya ƙare, dattijuwar ba ta nan, yarinyar da ke aiki kuma ko sannu. Na karɓi moqueca ta agada, wadda ake dafawa a tukunyar ƙasa da manja da madarar kwakwa. Ɗanɗanon ba laifi, amma ruwa ya yi mata yawa, shinkafar ta huce, farofa ɗin, wato soyayyen garin rogo, bai fi cokali biyu ba. Kuɗin kuwa ya kusa ninka na gidajen sikeli. Har yanzu idan na tuna ranar da na sauko daga tudun nan da yunwa sai raina ya sosu, don na riga na faɗa wa abokan tafiyata biyu su zo, suka biyo ni muka koma tare hannu rabbana.

Tauraro uku na ba su, kuma ukun na dattijuwar ne da ƙosanta. Mai zuwa ya aika saƙon WhatsApp tun da safe ya tabbatar an buɗe, ya isa kafin ƙarfe ɗaya, ya kuma tambaya ko da man da aka soya wani abu aka soya ƙosan.